Sanarwa ga ma'aikata kan satin zaɓe

Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah kowa ya karanta har ƙarshe.

Ranar Asabar ba aiki tunda za a hana zirga-zirga, Juma'a kuma muna saukowa daga masallaci za mu kashe injina, wanda rumfarsa ke ƙauye ya kama hanya da wuri. Alhaji ya ce za a tura albashi ranar Laraba, kar a maimaita wahalar 2023 lokacin canjin kuɗi da mutane suka kwana layin POS babu kuɗin mota.

Abin da ya fi damuna shi ne musun siyasa a bakin inji, wallahi jiya ina kallo mutum yana zuba roba a injin niƙa hankalinsa na kan gardamar jam'iyya, hannu fa ba ya tsirowa, in ka rasa yatsa ba ɗan takarar da zai zo Sharaɗa duba ka. Ku bari sai lokacin cin abinci. Fosta da hular kamfen a bar su a gida, kwastomominmu kowane ɓangare akwai.

Malam Maigadi, a kulle dizal a sito. Kar a manta da katin zaɓe.