Yinin da na yi a kogin Tems, da tambayata a kan kogin Galma na Zariya

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili, abin nan yana ta cina tun da na dawo Zariya daga Ingila wajen yarona da ke karatu a Okusfod.

Wata Asabar yaron ya ce Baba shirya yau kogi muka nufa, na ce kogi kuma, ni da ko a Kubanni ban taɓa iyo ba? Ashe ɗan jirgi mai inji suka ɗauko haya na yini guda shi da abokansa biyu. Mai jirgin ya miƙo mana rigunan ceto, ya ja kunne cewa a nan ba a wuce gudun kilomita 8 a awa, wato mai keke a Samaru ma sai ya bar ka a baya.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne wanda suke kira lok. Kogin ba a shimfiɗe yake ba, gangara yake, sai suka tare ruwan mataki-mataki suka gina wani dogon ɗaki mara rufi mai ƙofa gaba da baya, irinsu 45 ne a kogin. Ka shiga da jirginka, a rufe ƙofar baya, ka kashe inji, ka zarga igiya a turken bakin gini gaba da baya, sai mai gadin wurin ya danna maɓalli ruwan ya riƙa zurarewa ta ƙasan ƙofar gaba, kuna zaune kuna hira kawai ku ga ƙasa tana hawa sama ku kuna nutsewa. Na Iffley muka fara wucewa, wanda tun wajen 1630 akwai shi a wurin, bai tsorata ni ba. Amma na Sandford, kai! Kusan mita 3 muka sauka, bango ya tsaya mana a kai duk gansakuka kore shar yana ɗiga, ga sanyi kamar cikin rijiya, ni kuma an ba ni igiya na riƙe ta gam kamar ragon layya zai ƙwace, yaron yana ta cewa Baba sassauta, sassauta, in ka ɗaure jirgin zai rataye. Tafin hannuna sai da ya yi ja.

A Abingdon muka yi azahar a kan ciyawa, muka ci burodi da dambun naman da hajiya ta ƙullo mana, muka juyo. A dawowa kuma ɗaga mu ruwan ya riƙa yi.

To Edita ga inda na dosa. Ba wai mu ba mu san wannan fasaha ba ne, madatsar Kainji da aka gama a 1968 da irin wannan ƙofar jiragen aka gina ta. Kuma ni ban ce a kawo lok Zariya ba, ina kuɗin? Amma ga Galma, ga dam ɗin Shika, ruwa kwance, mu abin da muka sani da shi wankin mota da ɗibar yashi da noman rani, sai in ya yi ambaliya a tuna da shi. Labarin jirgin ruwa in ka ji shi a rediyo to kifewa ya yi a Neja ko Kebbi, an lafta masa mutane babu riga ko ɗaya.

Shin babu wani mai hali a Zazzau da zai zuba ƙananan jirage ko biyar, da rigunan ceto, da masuntan wurin a matsayin matuƙa tunda su suka san ruwan, ko da ranar sallah ce a kai yara? Ni dai in an fara, da jikokina huɗu zan zo, kuma a wannan karon ba mai ba ni igiya.

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
Tudun Wada, Zariya