Yaya, game da maganar Auta

Assalamu alaikum Yaya, ina gaisuwa da fatan alheri. Ya gida ya iyali, ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata lafiya. Mu nan Jidda alhamdulillahi sai zafi da aiki, iƙamata ma an sabunta, hankalina ya kwanta ta wannan ɓangaren.

Na saurari saƙonka kan Auta, wai tunda aka ba shi motar haya yake jigilar Kano zuwa Abuja kansa ya kumbura, a tasha yana cewa duk layin babu direba kamarsa. To Yaya ni dai kar a yi saurin yanke masa hukunci, bari in gaya maka dalilina duk da za ka ce na fara surutun tseren motar nan da kake min dariya a kai.

Ka san tun 2021 ake yin tseren motoci na Formula 1 a nan bakin teku, da daddare ake yi, hanya ce mai kwana-kwana har 27 ga katanga dama da hagu kuma gudu suke kamar ba gobe. Tikiti ba na irinmu ba ne, a talabijin muke kallo a ɗaki ni da wani abokin aikina ɗan Sudan, kullum cikin musu muke, shi yana bayan Hamilton ni kuma hannun Verstappen nake so. Abin da na lura da shi, duk cikinsu babu wanda bai ɗauki kansa gwanin gwanaye ba, kuma wallahi dole ne, mutumin da zai taka totur ya wuce kilomita 300 a awa yana tunkarar kwana in ya yi shakkar kansa ko na ƙiftawar ido an wuce shi, ko ma ya sha katanga. Hamilton yana ɗan shekara 10 ya tari shugaban kamfanin motocin tsere na McLaren a wajen wani taron ba da kyauta ya ce masa wata rana zai tuƙa masa mota. Da a gidanmu ne da ya sha ranƙwashi an ce yaro ba kunya, amma ga shi ya tuƙa ɗin, yau kambunsa 7. Verstappen kuwa yana 17 aka sa shi tsere, yana 18 ya ci na Sifen a 2016, a 2023 ya ci 19 cikin 22. Irin wannan in ya ce ya fi kowa ai ba ƙarya ya yi ba, ni ban ɗauki wannan girman kai ba.

Inda nake rabuwa da gwanin nawa daban ne. A tseren farko na nan Jidda an umarci Verstappen ya mayar wa Hamilton matsayinsa saboda ya wuce shi ta wajen layi, sai ya taka birki a gabansa, Hamilton ya daki bayansa fiffiken gaban motarsa ya lalace, a haka ya lallaɓa ya ci tseren, shi kuma aka ƙara masa sakan 10 na hukunci. Wannan ma na ce zafin neman kambu ne. Amma na Burazil a 2022 shi ne ya tsaya min a rai. Ya riga ya ɗauki kambun shekarar tun a Japan, babu abin da zai rasa, injiniyansa ya roƙe shi ta rediyo ya bar abokin aikinsa Perez ya wuce ya samu maki don yana neman na biyu a gasar shekarar, matsayi na shida a tseren fa ake magana ba na ɗaya ba, ya ƙi, har ya ce kar a sake tambayarsa. Kuma Perez ɗin nan shi ne ya tare masa Hamilton a Abu Dhabi a 2021. Ɗan Sudan ya yi ta min dariya ranar, ni kuwa bakina ya mutu. Ko Schumacher da ake ta yabo, a 1997 da gangan ya karkato sitiyari ya daki abokin hamayyarsa Villeneuve, ƙarshe shi ya ƙare a cikin tsakuwa aka kuma soke sunansa daga jerin gasar shekarar gaba ɗaya.

Wanda ni ya fi burge ni direban zamanin da ne, Niki Lauda. A 1976 motarsa ta kama da wuta a Jamus, fuska ta ƙone kunne ya tafi, har an fidda rai, bayan kamar sati shida ya dawo ya zo na huɗu a Italiya da bandeji a kai. To wannan mutumin ne a tseren ƙarshe a Japan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya zaga sau biyu ya shigo ya kashe mota ya ce ba zai yi ba, kambu ya kuɓuce masa da maki ɗaya tak zuwa hannun James Hunt. An zage shi an ce matsoraci, bai nemi wata ƙarya ya ɗora wa injin ba, shekara na zagayowa ya ɗauki kambun. Wanda bai yarda da kansa ba wallahi ba zai iya fitowa daga motar nan duniya na kallo ba, kunya ce za ta kashe shi a kan hanya.

Shi ya sa nake cewa cika bakin Auta a tasha bai dame ni ba, ka san tun yana ƙarami haka yake, kuma hannunsa na da kyau, ni na koya masa ribas. Abin da nake so ka bincika min a hankali, ta wajen bakanikensa da yaron motarsa ba ta wajen masu gulma ba, in an ce masa taya ta suɗe ko birki na kuka yana ji ko yana cewa shi ya san motarsa? In barci ya kama shi bayan Kaduna yana fakawa ko kunyar fasinja yake ji? In wani ya wuce shi yana bin sa a guje? Don waɗancan mutum ɗaya ne a mota, ga hular kwano ga kayan da wuta ba ta ci ga likitoci a tsaye, shi kuwa ran mutane ne a bayansa da mata da goyo. In ka samu yana irin wannan to kar ka tsaya jirana, ka kai maganar gaban Kawu a karɓi makullin na ɗan lokaci, ni zan kira shi daga baya.

Kuɗin maganin Inna zan turo in an yi albashi, ta hannun wanda muka saba. Akwai dabino da zamzam da na ba wata hajiya 'yar unguwarmu da ta zo umara, ka tura yara su karɓo, ƙullin da aka ɗaure da baƙar leda na Gwaggo ne kar a taɓa. A gaida matarka da su Baba ƙarami, ka ce wa Auta ya riƙa ɗaukar wayata.

Ƙaninka, daga Jidda.