Uwata, kar memuwar ɗinki ya kwana wuri ɗaya

Assalamu alaikum Uwata, ya karatu, ya zafin Damagaram? Mu nan Maraɗi lafiya lau. Mamanki ce ta faɗa min wai shekaranjiya kin kira ta kina kuka, kuran, wato wutar lantarki, ya tafi kina tsakiyar rubutun memuwar, kundin kammala karatunki, da ya dawo shafi shida babu su babu dalilinsu. Na ƙi kiran ki don na san faɗa zan yi, gara in rubuta ki karanta a natse.

Laifin farko nawa ne, ni na ba ki kwamfutar nan alhali na san batir ɗinta ya mutu tun tana shagona, in ba a jone take ba ko minti ɗaya ba ta yi. To kafin ki sayi komi ki canja batir ɗin nan, kwamfutar hannu mai batir mai kyau ba ruwanta da ɗaukewar wuta. Ondilar da ƙawarki ta ce ki saya, akwatin batir ɗin nan da ke riƙe wuta in an ɗauke, wannan na babbar kwamfutar tebur ne, shi ma ba injin janareto ba ne, ƙaramin nan mai 650 VA ƴan mintoci kawai yake ba mutum ya adana aikinsa ya kashe na'ura cikin mutunci, kuma batir ɗin cikinsa a zafin ƙasarmu da ƙyar yake wuce shekara 2 zuwa 3. Na taɓa ganin wanda ya jona masa dutsen guga, Allah ya shirya.

Ke kin san layin wutarmu ɗaya da ku, daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, kuma kin ga duhun da muka sha daga Agusta 2023 lokacin da Najeriya ta yanke. Amma abin da shekarun buga takardu kusa da babbar kasuwa suka koya min, tafiyar kuran ba ta cika kashe kaya ba, dawowarsa ce mugunya, wani lokaci ya zo da ƙarfin da ya wuce 220 ɗin da aka saba. Da an ɗauke ki zare caja daga bango, in an kawo ki bari fanka ta yi ƴan mintoci tana juyawa daidai tukuna ki mayar. Da damina kuwa kina jin tsawa ki zare komi.

Yatsanki ya saba da maɓallan Ctrl da S na adana aiki, duk sakin layi ki danna, kamar yadda kakarki ba ta ajiye carbi. Word yana ajiye kwafin gaggawa da kansa amma duk minti 10 ne, ki shiga wajen saiti ki mayar da shi minti 2.

Yanzu ga babbar maganar. Tunda kina da Gmail kina da giga 15 kyauta a Google Drive, wasiƙu da hotuna duk cikin 15 ɗin suke ci, don haka ki rage jibga bidiyon biki. Ki buɗe jaka guda ta memuwar ki sa ta riƙa hawa da kanta, rubutu ba ya cin forfen intanet sosai. Sai dai ki duba alamar da ke nuna ya gama hawa kafin ki rufe, don in intanet ba ta nan aikin yana nan zaune cikin kwamfutar, bai je ko'ina ba. Kuma ki fahimci abin nan da kyau, shi wannan haɗin madubi ne ba rumbu ba. Abin da kika goge nan, can ma ya gogu, in fayil ya lalace nan lalataccen ne zai hau. Wanda aka goge yana kwana 30 a kwandon shara, bayan nan sai haƙuri. Kar kuma ki riƙa gyara fayil ɗaya a waya da kwamfuta lokaci guda, za ki tashi da kwafi biyu ki rasa wane ne na gaskiya.

Rumbun shi ne kile USB, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwafe fayil. Duk Juma'a bayan la'asar ki kwafe jakar a kai, ki sa mata kwanan wata a suna, kar ki danne ta makon jiya, ki cire shi ta hanyar da ta dace ba fizgewa ba, sannan ya kwana cikin akwatinki ba cikin jakar kwamfuta ba, ɓarawo ba ya ɗaukar kwamfuta ya bar jaka. Kar kuma ki kai shi wajen masu foto kofi, nan ne matattarar birus, nemi wani daban na yawo.

Na ba yayanki jaka 20 ya turo miki na batir, in bai isa ba ki yi magana. Ki gaida gwaggonki, ki ce mata ƙuli-ƙulin na nan tafe ranar Lahadi.

Babanki