Gasar zakarun kulob na mata a Afirka ta yi wa nahiyar kaɗan

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini don in yi tsokaci kan gasar zakarun kulob-kulob na mata da hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ke shiryawa. Ina da ɗan gidan kallon ƙwallo a Lafiya, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda gasar nan ke zuwa ta wuce ba tare da masu kallo sun ma san an yi ta ba.

A 2021 aka fara ta a Masar, Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu ta doke Hasaacas Ladies ta Ghana da ci 2-0 a wasan ƙarshe. A 2022 AS FAR ta Maroko ta ɗauka, Sundowns ta karɓe a 2023, TP Mazembe ta Kwango ta ci a 2024. Kuɗin wadda ta yi nasara ma ya tashi daga dala 400,000 zuwa 600,000. Wannan ci gaba ne, ba na musu.

To amma tsarin fa? Ƙungiyoyi takwas kacal ake tarawa a ƙasa ɗaya, a buga cikin kusan mako biyu a watse. Kafin a kai can sai an yi share fage a shiyya-shiyya, kuma tamu shiyyar ta WAFU B ta haɗa Najeriya da Ghana da Kwaddibuwa da Nijar da Burkina Faso da Togo da Benin, a kan gurbi ɗaya a mafi yawan shekaru. Shi ya sa a 2023 Ampem Darkoa ta Ghana ta tafi, Delta Queens ta Najeriya ta zauna a gida. Zakaran ƙasar da ta ci kofin Afirka na mata sau 10 ke nan, ko ƙofar gasar bai gani ba. Mafi nisan da muka je shi ne na uku da Bayelsa Queens ta yi a 2022.

Ranar da Super Falcons suka farke ci biyu suka doke Maroko 3-2 a Yulin 2025, sai da na aro benci a shagon tela na maƙwabta, yara har kan taga. Da gasar kulob ta zo kuwa, na rubuta wasan a allo da alli, wani matashi ya tsaya ya karanta ya ce, "Oga, wannan kuma na wace ƙasa ne?" Ban ga laifinsa ba. Mutum ba ya ƙaunar ƙungiyar da bai taɓa ganinta a filin garinsu ba.

Don haka ina kira ga CAF ta koma buga gida da waje, ko daga matakin rukuni ne, kamar yadda ake wa maza. Turai ma da ƙaramin abu ta fara a 2001, sai a 2009 gasar ta zama ta zakarun Turai sosai, ita ce Asisat Oshoala ta ci da Barcelona a 2021. Na san za a ce kuɗin jirgi. Gaskiya ne, tafiya a Afirka da tsada, amma hukumar da ke ɗaukar nauyin na maza ba za ta rasa na mata ba.

Mu ma a gida da namu laifin. Maroko ta fara biyan 'yan wasan lig ɗinta na mata albashi ta hannun hukumar ƙwallonta tun 2020, ga sakamakon nan muna gani. Mu kuwa yarinya na fara haske sai Turai, kamar yadda Chiamaka Nnadozie ta bar Rivers Angels zuwa Faransa. Nasarawa Amazons ɗinmu ta ci lig a 2013 da 2017, lokacin babu wannan gasa. Yanzu da FIFA ta sa gasar kulob na mata ta duniya a 2028, ina fata hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, da gwamnatocin jihohin da ke da waɗannan ƙungiyoyi za su biya albashi kan lokaci, su kuma sa wasannin lig a talabijin.

Naku,
Mai gidan kallon ƙwallo,
Lafiya, Jihar Nasarawa