Manzo Bulus ɗinki yake yi, a duba maganar kuɗi a majami'unmu

Malam Edita, gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Ni Kirista ne mazaunin Garwa nan arewacin Kamaru, ina roƙon ɗan fili inyi magana da 'yan'uwana masu bi akan abinda ya daɗe yana ci min rai, wato yadda wa'azi ke neman zama hanyar tara kuɗi a wasu wurare. Nasan yawancin masu karanta jaridar nan Musulmi ne, suma don Allah su karanta, maganar amana ce.

Kusan duk Lahadi sai an ambaci Manzo Bulus, ɗaya daga cikin manzannin Almasihu, an masa bulala, an jefe shi da duwatsu, jirgi ya fashe dashi a teku, ya kwana a kurkuku, duk gaskiya ne. Amma da wuya kaji mai wa'azi ya tsaya akan cewa mutumin nan yana da sana'ar hannu. Haifaffen Tarsus ne, garin da yau yake cikin Turkiyya, yayi karatu a Urushalima gaban babban malami Gamaliyal, ga shi da 'yancin ɗan Roma tun haihuwa, amma da ya isa Korinti a ƙasar Girka wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu sai ya sauka gidan Akila da matarsa Bilkisu, waɗanda sarki Kalaudiyas ya kora daga Roma tare da sauran Yahudawa, dalili kuwa sana'arsu ɗaya ce, ɗinkin tanti. Shekara ɗaya da wata shida yayi a garin, kuma da farkon zuwansa aikin yake yi, sai ranar Asabar ya shiga majami'ar Yahudawa ayi ta muhawara. Duk wanda ya taɓa zama rumfar dukawa a kasuwa yasan irin aikin nan ba wasa bane, mutum a sunkuye tun safe da basilla da zare mai kauri, yatsu duk sunyi kanta, bayan ma baya miƙuwa da yamma. Da waɗannan hannuwa ne ya ciyar da kansa harda abokan tafiyarsa, shi ya faɗa da bakinsa lokacin da yake sallama da dattawan Afisa a Militas, yace bai taɓa kwaɗayin azurfar kowa ko zinariyarsa ko rigarsa ba. A duba Ayyukan Manzanni sura 20 cikin Littafi Mai Tsarki. Mutanen Tasalonika ma ya tuna musu cewa dare da rana yayi aiki don kada ya zame musu nauyi.

To yau me muke gani? Baƙo zai zo da manyan lasifika a kafa taron dare, kafin a gama waƙa ta biyu an fito da 'yan kwalaben man shafewa ana cewa jaka biyar biyar, wai wanda ya shuka da yawa shi zai girbi da yawa. Da idona naga wata tsohuwa mai soya ƙosai ta kwance bakin zaninta ta zazzage kuɗin waken gobe a cikin kwando, saboda ance ɗanta zai warke. Raina ya ɓaci ƙwarai. Kuma a cikin masu zama a benci akwai waɗanda Boko Haram ta raba da gonakinsu a Mayo Tsanaga da Mayo Sava, mutanen da ya kamata a baiwa, su ake karɓewa.

Kada wani yace ina so fastoci su zauna da yunwa, a'a. Bulus ɗin nan shine ya rubuta a 1 Korintiyawa sura 9 cewa mai shelar bishara yana da hakkin ci daga bishara, har ya kawo dokar Musa cewa kada a sa wa sa takunkumi yana sussuka. Shi ne dai ya zaɓi ya bar hakkinsa a Korinti don kada a samu abin faɗa. Kuma da ikilisiyar Filibi, wato taron masu bi na garin, ta aiko masa da gudummawa ta hannun Abafaroditas yana tsare, ya karɓa yayi godiya. Anan kam laifin namu ne masu bi. Ku fita ƙauyukan da ke gefen Binuwai ku ga masu bishara, mutum yana noman auduga da masakwa, Lahadi ya ɗaura Littafi Mai Tsarki cikin leda a bayan keke ya zaga ƙauye biyu ko uku, jana'iza shi, ɗaurin aure shi, mara lafiya cikin dare shi za'a tayar, kuma watanni su wuce ba'a bashi ɗan abinda aka alkawarta ba. Waɗannan su ne akan sawun Bulus, amma bamu kula dasu, kuɗinmu na bin mai lasifika. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san irinsu, malamin zaure da ke ɗinkin hula yana biya wa almajirai karatu.

Abu na ƙarshe da yafi damuna shine lissafi. Lokacin da Bulus ya tara gudummawa daga Makidoniya da Akaya saboda matalautan Urushalima, bai yarda ya riƙe jakar shi kaɗai ba. Yace kowa ya riƙa ware nasa ranar farko ta mako, ikilisiyar da kanta ta zaɓi waɗanda zasu kai, kuma a 2 Korintiyawa sura 8 ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi suka naɗa, yace don kada kowa ya zarge su akan kuɗin. Manzo guda fa, bai ɗauki wannan a matsayin raini ba, amma mu idan ka tambayi inda baikon girbi, wato kyautar da masu bi ke bayarwa lokacin kaka, ya shiga sai ace baka da bangaskiya ko kana taɓa shafaffe na Allah.

Don haka ina kira ga dattawan majami'unmu na Garwa da Marwa da Gaundare, a riƙa ƙirga baiko gaban mutum biyu ko uku, a karanta abinda ya shigo da abinda ya fita a gaban jama'a duk wata, a fara biyan masu bisharar ƙauye kafin a sayi sabon lasifika, makarantun Littafi Mai Tsarki kuma su ƙara ƙarfi wajen koyar da ɗinki da kafinta da noman rani. Baƙon da yazo da kwalaben sayarwa kuwa, kada a bashi wurin wa'azi.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naka mai karatu,
daga Garwa, Kamaru