Kira Ga Matasanmu Masu Rubuta Manhajar Kwamfuta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wata matsala da ake ganin ƙarama ce, alhali kuwa tana cinye lokacin mutane a makarantu da ofisoshi da shagunan buga takardu irin nawa da ke Wunti a cikin garin Bauchi. Matsalar ita ce mutum ya danna fayil sau biyu a kwamfuta, manhajar da ta samar da shi ta kasa buɗe shi, ko kuma wata manhaja dabam ta yi tsalle ta karɓe shi.

A ƙarshen zangon karatu da ya gabata wani shugaban makaranta, dattijo mai kamala, ya shigo shagona da filashi a hannu, gumi na keto masa duk da fanka na kaɗawa. Makarantarsa tana amfani da wata manhajar haɗa sakamakon jarrabawa da wani matashi ya rubuta musu, kuma aikin yaron yana da kyau, domin lissafinsa ba ya kuskure. Da muka danna fayil ɗin sai manhajar ta buɗe, amma shafi fari fat, babu sunan ɗalibi ko ɗaya. Dattijon ya dafe kai ya ce, "Ɗana, aikin malamai goma sha biyu ke nan ya tafi?" Na ce, "Baba, a yi haƙuri, bari in duba sunan fayil ɗin." An sa masa suna "Sakamakon ɗalibai zango na uku". Na sauya sunan zuwa "sakamako3", na sake dannawa, sai ga sunaye da maki sun cika allo. Babu abin da ya ɓace, manhajar ce ba ta iya karɓar sunan da aka miƙa mata ba.

Ga yadda abin yake. Windows ba ya leƙa cikin fayil kafin ya yanke shawarar wanda zai buɗe shi, wutsiyar sunan kawai yake dubawa, wato 'yan haruffan da ke bayan ɗigo, kamar .pdf ko .jpg ko .docx da Microsoft ya shigo da shi tare da Office na 2007. Daga nan sai ya duba rajistarsa, wato kundin da yake ajiye saituttukansa, inda aka rubuta cewa wutsiya kaza ta manhaja kaza ce, kuma ga umarnin da za a bi a tashe ta. A cikin wannan umarni akwai alamar %1, wadda ke tsaye a madadin cikakken sunan fayil da inda yake ajiye. Idan mai rubuta manhaja ya manta bai killace %1 da alamar buɗe zance da rufe zance ba, to duk sunan da ke da tazara a tsakiyarsa zai isa ga manhajar a gutsure, ta ɗauki "Sakamakon" a matsayin suna guda, ta neme shi ta rasa. Alamomi biyu kacal ne suka kusa sa dattijo kuka a gabana.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya fi taɓa ni a matsayina na Bahaushe. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin tsohon tsarin haruffan Yammacin Turai wanda gurabensa ba su wuce 256 ba, suna cikin Unicode ne, wato babban tsarin da ya tattaro haruffan harsunan duniya. Windows ya daɗe yana ajiye sunayen fayil da Unicode, amma manhajar da aka rubuta ta karɓi suna ta tsohuwar hanya sai ta ga alamar tambaya a inda ɗ take, ta ce babu irin wannan fayil. Abin da ke biyo baya shi ne mutane su koyi gudun haruffansu, su rubuta "dalibai" da "kasa" ko da ƙasa suke nufi, don kawai a zauna lafiya da na'ura. Abin takaici ne a ce ɗan Bauchi ya rubuta manhaja domin makarantar Bauchi, amma ba ta iya buɗe fayil mai sunan Hausa.

Ɓangare na uku shi ne kwaɗayi. Wasu manhajoji da zarar an girka su sai su nemi mamaye kowace wutsiya, hoto nasu, sauti nasu, PDF ma nasu. Wannan ɗabi'a ce ta sa tun daga Windows 8 a 2012 Microsoft ya toshe hanyar da manhaja ke naɗa kanta a ɓoye, ya mayar da zaɓin hannun mai kwamfuta. Ni ina goyon bayan wannan mataki. Abin da ya dace shi ne manhaja ta yi rajistar wutsiyarta ta kanta, wadda ba ta yi karo da ta kowa ba, ta sanya mata tambari, sannan ta sanar da cewa tana iya buɗe wasu nau'o'in idan an so. Ranar da aka cire ta kuma ta share abin da ta rubuta a rajista, kada ta bar fayilolin mutane suna nuni zuwa ga manhajar da babu ita. A kwamfutocin Apple ana bayyana nau'o'in fayil da manhaja ke iya buɗewa a cikin wani fayil nata mai suna Info.plist, a Linux kuma a layin MimeType na fayil ɗin .desktop, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Ga masu amfani da kwamfuta, gyaran bai da wahala. A danna fayil da maɓallin dama na linzami, a shiga Open with, a zaɓi manhajar da ake so, a kuma tabbatar da ita a matsayin ta kullum. Ina kuma shawartar kowa ya umarci Windows ya riƙa nuna wutsiyar suna, domin a yadda yake zuwa ɓoye ta yake yi, kuma ta wannan kafa ce fayil mai cutarwa da ke ƙarewa da .pdf.exe yake shigar burtu ya bayyana kamar takarda. Sauya wutsiya da hannu kuwa ba ya sauya abin da ke ciki, kamar yadda rubuta "shinkafa" a buhun gero ba ya mayar da shi shinkafa.

Roƙona na musamman yana ga malaman da ke koyar da ilimin kwamfuta a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Bauchi. Kafin a amince da manhajar da ɗalibi ya rubuta a aikinsa na kammala karatu, a girka ta a kwamfutar da ba tasa ba, a ajiye fayil mai tazara da ɗ da ƙ a sunansa a cikin filashi, a danna shi sau biyu manhajar tana rufe, a sake danna wani tana buɗe, a ga abin da zai fito a allo. Gwajin ba zai ɗauki minti biyar ba.

Na gode da wannan fili da aka ba ni.

Wassalam,
Mai shagon buga takardu,
Wunti, Bauchi.