Tanti, ina ake cin abinci da yara da suruka a bakin tekun Kwatano?

Assalamu alaikum Tanti, ina yini, ya aiki ya iyali, Allah ƙara basira da haƙuri da mu. Ni matar aure ce a nan Tawa, yara huɗu, kullum ina sauraren shirinki ina aikin gida. Na san mutane na kawo miki manyan matsaloli na kishiya da saki, tawa ƙarama ce ƙila ma ki yi dariya, amma wallahi ta hana ni sukuni don har ta fara kawo 'yar tsama tsakanina da maigida.

Babbar ɗiyata ta ci jarabawar BEPC bana, to babansu dama ya yi alkawari in ta ci zai kai mu Kwatano mu duka su ga teku, don shi harkar albasa yake, hanyar ta zame mishi gida. Yaran nan babban ruwan da sunka taɓa gani shi ne na Tabalak, shi ma ta tagar mota. Sai ga Hajiya, mahaihiyar maigida, ta ce ita ma ƙafarta ƙafarmu tana son ta ga ƙanenta da ke unguwar Zongo a can. Hanya kam na san da wuya, ta hi kilomita 1000, Konni, Dosso, Gaya, a tsallaka ruwa zuwa Malanbil sannan Kandi, Paraku, a yi ta tahiya har ƙafa ta kumbura, kuma tun da anka rufe gada a 2023 abin ya ƙara wahala. Wannan ya ce in bar mishi. Abin da bai da amsa a kai shi ne ina za mu riƙa cin abinci.

Shi in ya je shi kaɗai Zongo yake sauka, ya ci shinkafa da wake ko tuwo wajen matanmu na can, da dare ya sayi tsire wajen 'yan uwa ya sha shayi ya kwanta. Da na tambaye shi wajen cin abinci a bakin ruwa sai ya ce shi me zai kai shi can. Kin ji fa. Shekara da shekaru yana zuwa garin bai san komi ba sai kasuwar Dantokpa da wajen sauke kaya.

Ni na taɓa zuwa kahin a rufe gadar, lokacin auta na goye, wata ƙawata da ke aure can ta ɗauke ni a zemijan, wato babur na haya, munka je bakin tekun Fijirose da yamma. Wuri ya yi kyau ba ƙarya, rumfunan ganyen kwakwa jere, iska mai daɗi, mata na gasa kihi a gabanka. Amma rumfar da munka zauna, teburin dama kwalaben giya, na hagu ma haka, kiɗa kuwa sai ka ɗaga murya kahin na kusa da kai ya ji, ga 'yan mata na wucewa da kayan wanka wanda ni kaina sai da na sadda kai. Su a wajensu ba komi ba ne, garinsu ne, ba kuma wanda ya yi mana kallon banza don muna da hijabi, wannan gaskiya ce. To amma ki duba min Hajiya da casbinta a tsakiyar wannan. Ai ba za ta ce komi ba a wurin, sai mun dawo Tawa duk dangi su ji inda na kai ta.

Sai maganar naman. Can ana cin alade, ana cin gyazbi, kuma a wasu wuraren a kan waya ɗaya ake gasa komi. Hajiya ko kaza aka kawo mata tambayarta ta farko wa ya yanka. Na ce to mu tsaya ga kihi tunda shi ba ya son yanka, ta ce a wane mai anka soya shi, me anka soya kahin shi. Jatan lande da ƙaguwa kuwa ta ce ƙwari ne, na ce mata malamai sun ce a mazhabar Malikiyya duk abin da ya hito daga teku halal ne, ta ce halal ɗin ta bar wa malaman. Ni dai na ci kihin nan da soyayyar ayaba da wata miyar tumatir da albasa da suke ce ma moyo, kuma har yau ina tuna daɗinshi, shi nake so yarana su ɗanɗana, ba busasshen kihi da muke jefawa a miya ba.

Su ma yaran da nasu. Na ukun in ya ci tonka da yawa cikinshi ke lalacewa, su kuwa mutanen can hannunsu na da nauyi wajen yaji. Akasa da ake naɗewa a ganye na san ba za su ci ba saboda tsaminta, ni ma da ƙyar na haɗiye. Auta kuma ba ya zama wuri ɗaya, kuma tekun Kwatano ba ruwan wasa ba ne, igiyar na ja da ƙarhi, ƙawata ta ce ko 'yan gari ba sa shiga can ciki, balle watan Agusta da za mu je ruwan ya hi hauka. Don haka ina son wuri mai shinge ko mai ɗan nisa da ruwan, inda zan iya kai loma baki ba tare da idona na kan yaro ba. Ga ban ɗaki, wanda na gani a waccan rumfar gara ban faɗa ba. Ga wajen alwala da shimfiɗa darduma in la'asar ko magariba ta riske mu.

Kuɗi ma abin dubawa ne duk da dai sefa ɗaya muke kashewa da su. Wancan karon ba a rubuta farashi ba, anka kawo kihi ɗanye a tire anka ce mu zaɓa, munka nuna, sai da munka gama ci anka faɗi kuɗin, ƙawata ta yi ta ciniki da yarensu amma an riga an ci. Yanzu mu bakwai ne, in anka yi mana haka kullum ai jika nawa za ta tahi, kuma na san maigida, rana ɗaya ya ji an cuce shi ya gama da bakin teku ke nan.

Ɗiyata ta duba min a waya, Google Maps da TikTok, ta nuna min wurare masu taurari da yawa. Da munka karanta abin da mutane sunka rubuta, yawanci nasaru ne suna yabon abin sha da faɗuwar rana, ba wanda ya ce ga mai yanka ko ga wajen salla. An ce mana unguwar Haie Vive akwai restora na Labanawa, kuma akwai 'yan Senegal masu dafa ceb, shinkafa da kihi irin tasu, a cikin gari, to amma ba bakin ruwa suke ba, na Labanawan kuma an ce da tsada, wasu da shisha.

To ga inda rigimar take Tanti. Da na jera mishi duk wannan sai ya ce ai abu mai sauƙi ne, mu kama gida mai kicin, mu tahi da shinkafa da gero da kilishi da cuku, a sayi gas, ni in dafa da safe mu zuba a kula mu je bakin ruwa mu shimfiɗa tabarma. Hajiya ta ce madalla, haka ya hi tsabta. Ni kuwa raina ya ɓaci. Tunda anka yi aurena ban taɓa yin sati ban ɗora tukunya ba in ba jego ba, ko salla ni ce a murhu. A ce an kai ni har Kwatano in tashi da asuba ina gyaran albasa, in wanke kwanoni da dare, su suna hutawa, an gudu ba a tsira ba ke nan. Da na faɗa mishi haka ya ce ni ce na kawo matsalolin kuma ni ce na ƙi maganin. Ƙanwarshi ma ta bugo daga Yamai tana cewa wai ina son in yi rayuwar 'yan boko. Ni ba rayuwar kowa nake so ba, ina son a ajiye min faranti a gabana in ci in tashi ban wanke ba, ko na 'yan kwanaki ne.

Don Allah Tanti ki ba ni shawara, ko cikin masu saurare waɗanda sunka san Kwatano ko Wida ko Gran Popo. Akwai wuraren da iyali musulmi ke zuwa a bakin ruwa, ko akwai lokacin da wurin ke da sauƙi, don na ji an ce ranar aiki da hantsi ba kamar Asabar da Lahadi da yamma ba? Ya ake tambayar mai wuri maganar yanka da mai ba tare da ya ji an raina shi ba, ni Faransancina na kasuwa ne? In mun sayi kihi wajen masunta da kanmu akwai masu gasa maka a gabanka ka biya ladan wuta? Kuma ya zan yi da maigida ya gane ba rashin godiya ba ne, don har na fara tunanin in ce a raba, rana mu ci a Zongo wajen ƙanen Hajiya, yamma ni da shi da yara mu je bakin ruwa a bar ta ta huta, amma ina tsoron ta ce an ware ta. Saura 'yan makonni mu tashi kuma ya ce in ba mu daidaita ba zai sayi buhun shinkafar kawai.

Na gode, Allah saka da alheri. A sakaya sunana don Allah, Hajiya ma tana jin shirin.

Mai sauraronki daga Tawa